Mai Ɗiban Ruwa a Gibeyon

Matakala casa'in da uku ce zuwa idon ruwan.
Da baki nake ƙirga ta a da,
yanzu gwiwa ke yi mini ƙirgar.
Ni Shubatu 'yar Ilmaku, tulu a kafaɗa,
nake hawo da ruwan wanke bagade
na Allahn da bai kashe mu ba.

In kun tambayi yadda muka tsira, ba zan shafa wa maganar mai ba:
da ƙarya muka tsira.
Ni na ɓoye gurasar a bayan randa har ta yi fumfuna.
Ni na dinke tsohuwar salka da ruɓaɓɓen zare.
Mahaifina ya zura yagaggen takalmi,
ya je ya ce wa baƙin daga nesa muke,
alhali tafiyar kwana uku ce tsakaninmu.
Suka rantse da sunan Allahnsu.
Ƙarya ta fito fili, rantsuwa ba ta karye ba.
Har yau ina taunar wannan, ya ƙi haɗiyuwa.

Sarakuna biyar suka taso mana, wai mun sayar da dangi.
Na zaci baƙin za su ce Allah ya raka taki gona.
Sai ga su da asuba, sun kwana bisa hanya,
ƙafafu a kumbure,
ƙanƙara na zubowa kamar 'ya'yan dutsen niƙa,
duk saboda mu, masu gurasar fumfuna.
Na yi guɗa a kan soro ranar.

Ɗaya cikin biyar ɗin sarkin Lakish ne.
A Lakish ƙanwata Nikmatu take aure.

Ita ba ta iya ƙarya ba, ko a wasan yara.
Rini take yi, hannunta ja wur har gwiwa,
in ta yi dariya sai wushirya ta bayyana.
Kwana biyu aka yi a kan garin.
Wani mai jaki da ya ratsa daga baya
ya ce ko kare bai yi masa haushi ba.

Kada ku ce ban san laifinmu ba.
Ina shekara bakwai aka kaɗa ganguna a kwari,
aka tsananta kiɗan
don kada a ji muryar ƙanena
wanda ko suna ba a raɗa masa ba.
Uwata ta dawo nono na jiƙa mata riga.
Ba ta sake waƙa a bakin murhu ba.

Wani firist ɗinsu, tsoho mai rawar hannu,
ya ce mini an jira mu zamani huɗu,
ana duban mudu ko zai daina cika.
Ya cika, ya tumbatsa, ƙasa ta yi amai.
Na ce masa na yarda, ƙasar ta yi gaskiya,
ni ma da nawa cikin na ji tashin zuciyar.
Amma Nikmatu ba ta kaɗa ganga ba.
Ya tsura wa ruwan da na kawo ido.
Bai ce komai ba.
Shirun nan ya fi mini duk jawabinsa nauyi.

Jikata Pidaya itace take kai musu.
Da harshensu take waƙa yanzu,
ba ta san abin da ake yi a kwarin can ba,
ba kuma za ta sani da jikinta ba.
Wannan ma na sa shi a ma'auni.

Kai mai hukunci, kai mai cika alkawari ga maƙaryaci,
ban zo da ƙara ba, wa zai zauna ya yi mana shari'a?
Amma kullum a matakala ta arba'in,
inda duhu ya fi kauri,
nakan karkata tulun kaɗan,
ruwa ya zuba a dutse da sunanta.
Na san kana gani.
Ruwanka ne nake ragewa.
Shekara talatin ke nan ba ka hana ni ba.